Shin Kyamarar Wasan Bidiyo Tana Fifita Wata Ƙungiya a Kan Wata?

Duk lokacin da aka kammala wata babbar gasar wasannin bidiyo ta intanet, akwai tambayar da ba ta rasa mai ɗago ta: shin ƙungiyar da ta yi nasara ta fi iya wasa ne, ko kuwa gefen filin da ta samu ne ya ɗaga ta? Masu buga League of Legends sun shafe fiye da shekara 10 suna jayayya kan ɓangaren shuɗi da ɓangaren ja, masu Dota 2 suna tasu kan ɓangarorin Radiant da Dire, su kuma masu buga PUBG a waya, wanda matasanmu suka fi sabawa da shi, kukansu shi ne na mutumin da ya laɓe bayan dutse yana kallonka sarai alhali kai ba ka ganin ko hularsa. Wanda ba ya wasan zai iya ɗaukar wannan a matsayin uzurin wanda aka ci, kuma sau da yawa hakan ne. Amma maganar ta wuce nan, domin waɗannan wasanni sun zama sana'ar da ake ci da iyali da ita. Gasar Dota 2 ta duniya da aka yi a birnin Bukares na ƙasar Romaniya a 2021 an raba fiye da dala miliyan 40 a cikinta, kuma a inda kuɗi ya kai haka, ƙaramar karkata a ma'auni ba abin rainawa ba ce.

Me ake nufi da kyamara a nan?

A cikin wasan bidiyo babu na'urar ɗaukar hoto ta zahiri. Abin da ake kira kyamara shi ne wurin da masu tsara wasan suka ajiye idon ɗan wasa: daga ina yake kallon filin, ta wace fuska, kuma a ina ganinsa ya tsaya. Iri 3 ne suka fi yawa a wasannin gasa. Akwai kallon ido, wanda 'yan wasa ke kira FPP, inda kake gani ta idon sojan da kake sarrafawa, ba ka ganin komai na jikinsa sai hannu da bindiga, kamar a Counter-Strike da Valorant. Akwai kallon bayan kafaɗa, wato TPP, inda kyamara ke rataye a bayan sojan tana nuna shi da abin da ke kewaye da shi, kamar a Fortnite da Free Fire. Sai kallo daga sama a karkace, irin na mutumin da ke kan bene yana leƙen tsakar gida, wanda shi ne tsarin League of Legends da Dota 2. Akwai kuma faɗin gani, wato yawan abin da allo ke iya ɗauka daga hagu zuwa dama, ana auna shi da digiri.

Sai ma'anar rashin adalci, domin a nan mutane suka fi cakuɗa abubuwa. Don wani ya gan ka kafin ka gan shi ba zalunci ba ne, ai wasan ke nan. Rashin adalci yana shigowa ne idan ƙungiyoyi 2 masu ƙwarewa ɗaya suka shiga fili, sai wani abu da ba su zaɓa ba, ba su kuma yi masa wahala ba, ya riƙa ba ɗaya damar gani fiye da ɗayar. Da wannan ma'auni za a ga cewa ƙorafin da ake yi kan kyamara ba iri ɗaya ba ne: wani ya shafi gefen da aka ajiye ƙungiya, wani ya shafi wanda ke zaune da wanda ke tafiya, wani kuma ya shafi na'urar da ke hannun mutum.

Shuɗi da ja: fili ɗaya, gani daban

Kamfanin Riot Games ya fitar da League of Legends a 2009, Valve kuma ya fitar da Dota 2 a 2013, kuma dukansu sun gaji tsarin fili ɗaya. Mutum 5 ne ke karawa da mutum 5 a taswira mai kusurwa 4, sansanin ƙungiya ɗaya yana kusurwar ƙasa ta hagu, na ɗayar yana kusurwar sama ta dama, hanyoyi 3 sun haɗa su, kogi kuma ya ratsa tsakiya. Na ƙasa su ne shuɗi a League da Radiant a Dota, na sama su ne ja da Dire. Abin lura shi ne dukan 'yan wasan 10 suna kallon filin daga fuska ɗaya, daga kudu zuwa arewa. Saboda haka na ƙasa idan za su kai hari suna hawa ne zuwa saman allo, na sama kuwa suna gangarowa zuwa ƙasansa.

Da kyamarar tana kallon ƙasa a tsaye cak, kamar fitilar da ke rataye a tsakiyar rufi, da babu wani bambanci. Amma a karkace take. Mai son ganin abin da hakan ke haifarwa ya ɗauki wayarsa ya tsaya a bakin tsakar gida, ya ɗaga ta daidai ƙirji, ya karkata ta ƙasa kaɗan. Zai ga cewa rabin allon na ƙasa bai ɗauki komai ba sai tabarmar da ke gaban ƙafarsa, ta cika shi fal, rabin na sama kuwa ya ɗauki rijiya da turken akuya da bakin zaure gaba ɗaya. Rabi da rabi ne a kan allo, amma a ƙasa ba rabi da rabi ba ne. Filin da kyamara mai karkata ke nunawa yana da faɗi da nisa ta sama, yana da ƙunci da kusa ta ƙasa. Wanda abokin gabarsa ke zuwa masa daga sama yana hango shi tun daga nesa, wanda nasa ke zuwa daga ƙasa kuwa sai ya matso kafin ya bayyana. A wasan da kibiya ko ƙugiya ke iya fitowa daga wajen allo ta kama mutum cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, wannan ɗan tazara yana iya raba wanda ya kauce da wanda aka kashe.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Allon bayanai, inda ake nuna ƙarfin jini da makamai da dabarun gwarzon da mutum ke sarrafawa, yana zaune ne a ƙasan allo a duka wasannin, ƙaramar taswira ma tana kusurwar ƙasa, ta dama a League, ta hagu a Dota sai dai in mutum ya sauya. Wato gefen da dama ya fi ƙunci shi ne kuma aka ɗora wa kaya. Ɗan ɓangaren ja da ke hanyar ƙasa a League ya fi kowa sanin wannan, domin abokan gabarsa suna fitowa ne daga inda allon bayanai ya rufe, kuma idan ya kai linzamin kwamfuta, wato mouse, can don ya yi harbi, yana iya danna wani abu dabam. Haka nan gwarazan wasan da itatuwa da katangu a tsaye aka zana su, don haka kowanne yana kare abin da ke arewa da shi, sannan kibiyoyin da ake harbawa ana zana su a sama da ƙasa kaɗan alhali kwamfuta tana lissafin bugunsu ne a kan ƙasa, abin da ke sa inda ido ya ga kibiya da inda za ta bugi mutum su ɗan saɓa, kuma saɓanin ya danganta da fuskar da ta fito. Wasu suna ƙarawa da batun hannu, cewa na dama ya fi sakewa wajen tura linzami sama ta dama fiye da janyo shi ƙasa ta hagu. Wannan hujja ce da ake yawan kawowa, amma a ganina ita ce mafi rauni a cikinsu, domin hannu yana sabawa da abin da aka horar da shi a kai.

Riot da kansa ya san da matsalar. A cikin saitin League akwai zaɓin da ke gusar da kyamara gwargwadon gefen da mutum ya faɗa, ta yadda ɗan ɓangaren ja da ya kulle kyamararsa a kan gwarzonsa zai ga ƙarin fili ta ƙasa. Kamfani ba ya ƙirƙiro magani ga cutar da bai yarda tana nan ba.

Abin da sakamakon wasanni ke nunawa

Shafukan da ke tattara sakamakon miliyoyin wasanni sun daɗe suna nuna cewa ɓangaren ƙasa yana ɗan rinjaye. A League, a mafi yawan shekaru, shuɗi yana haura kashi 50 cikin 100 da maki 1 ko 2, ko da yake an ga lokuta da matakan ƙwarewa da ja ya sha gaba. A Dota 2, rinjayen Radiant a wasannin gama-gari sanannen abu ne, kuma ya ci gaba da bayyana duk da sauye-sauyen da Valve ya yi wa taswirar, ciki har da gyaran watan Disamba na 2016 da ya sauya wa Roshan, dodon da ƙungiyoyi ke rububin kashewa, mazauni, da na watan Afrilu na 2023 da ya faɗaɗa filin da kimanin kashi 40 cikin 100 ya kuma ba Roshan ramuka 2 a kusurwoyi. Idan an sauya hanyoyi, an sauya ramuka, an sauya dazuka, amma karkatar tana dawowa gefe ɗaya, dole hankali ya koma kan abin da ba a taɓa sauyawa ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga wani salon League da ake kira ARAM. A can hanya ɗaya ce tak, ta miƙe daga ƙasa ta hagu zuwa sama ta dama, babu daji, babu dodannin da ake rububi, kuma kwamfuta ce ke raba wa kowa gwarzo ba tare da wani ya riga wani zaɓe ba. Kusan duk abin da za a iya ɗora wa laifi an cire shi, sai fuskar kallo kawai ta rage, amma duk da haka ɓangaren shuɗi ya sha fitowa da rinjaye a can ma.

Ya kamata a fahimci girman wannan rata yadda take. A misali, idan ɓangare ɗaya yana cin kashi 51, ɗayan 49, to a wasa 1,000 na farko zai ci 510, na biyu 490. Wannan ba zai bayyana wa kowa dalilin da ya sa aka lallasa shi jiya da dare ba, domin kuskure ɗaya na abokin wasa ko tsinkewar intanet na daƙiƙa 3 ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Amma abu ne da ke nan a kowane wasa, ba ya gajiya, ba ya mantuwa.

Masu cewa ba kyamara ba ce

Akwai masu ganin an ɗora wa kyamara laifin da ba nata ba, kuma hujjojinsu suna da ƙarfi, musamman idan ana maganar ƙwararru. Ta farko ita ce zaɓen gwaraza. Shekaru da dama tsarin gasar League ya haɗa ɓangaren shuɗi da damar fara zaɓe, wato shi ke ɗaukar gwarzon da ya fi kowa ƙarfi a wannan lokaci idan ba ya cikin gwarazan da kowace ƙungiya ke haramtawa kafin a fara wasa, ja kuma yana samun zaɓen ƙarshe, wanda ke ba shi damar kawo mai maganin abin da abokin gaba ya riga ya ɗauka. A lokacin da wasu gwaraza 2 ko 3 suka fi sauran ƙarfi ƙwarai, ja kan ƙarar da haramcinsa a kansu don kada su faɗa hannun shuɗi, sai ya shiga wasa da rauni tun kafin a fara. Duk wanda ya ga shuɗi yana cin kashi mai yawa a wata gasa ya ce kyamara ce, ya tsallake wannan babban dalili.

Ta biyu ita ce taswirar kanta ba daidai take ba. Ramin dodon da ake kira Baron yana kogin sama, bakinsa yana fuskantar ɓangaren shuɗi, ramin ɗaya dodon, wani maciji mai fukafukai, kuma yana kogin ƙasa, bakinsa yana fuskantar ja. Hanyoyin da ake bi a yi wa mutum kwanton ɓauna ma sun bambanta, shi ya sa a farkon kakar 2024 Riot ya sake fasalin katangu da ciyayin hanyoyin sama da ƙasa don su yi kama da juna a ɓangarorin biyu. Ta uku ita ce sabo: sabon ɗan wasa a League yana fara koyo ne a ɓangaren shuɗi, a darussan farko da kuma karawa da kwamfuta, don haka idonsa ya fara buɗewa ne yana hawa sama.

Ta huɗu kuma, ƙwararru ba sa kulle kyamara a kan gwarzonsu. Suna yawo da ita ko'ina da linzami, suna ajiye gwarzon a duk gefen allon da ya fi musu amfani, don haka ɗan ɓangaren ja da ya san abin da yake yi zai tura kyamararsa ƙasa ya ga abin da yake buƙata. Wannan gaskiya ne. Sai dai gyaran da yake yi aiki ne, ƙaramin aiki da hannunsa da hankalinsa ke maimaitawa sau ɗaruruwa a wasa ɗaya, wanda abokin karawarsa bai buƙaci yin irinsa ba. Abin da na fahimta daga haɗa hujjojin shi ne a matakin ƙwararru zaɓen gwaraza da fasalin taswira sun fi kyamara tasiri, a matakin gama-gari kuwa, inda mutane da yawa ke wasa da kyamara a kulle kuma ba su damu da wa ya fara zaɓe ba, rabon kyamara a cikin ratar ya fi girma.

Me ya hana a juya filin?

Maganin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne a juya wa ɓangaren sama kyamararsa, kowa ya ga kansa a ƙasa ta hagu. Ba mafarki ba ne, domin Riot ya yi hakan a Wild Rift, wato League na waya da ya fara fitowa a 2020. A can duk gefen da mutum ya faɗa, allonsa yana nuna masa sansaninsa a ƙasa ta hagu. Dalilin ya fi tsanani a waya, inda manyan yatsu biyu ke zaune a kusurwoyin ƙasa suna rufe fili. Abin da hakan ya jawo shi ne sunayen hanyar sama da hanyar ƙasa sun daina aiki, tunda abin da ke sama a wajen wannan yana ƙasa a wajen wancan, sai aka koma kiransu da sunan dodon da ke kusa da kowacce. Wasu kamfanonin sun kauce wa matsalar tun daga tushe. Heroes of the Storm na kamfanin Blizzard ya shimfiɗa sansanoni a hagu da dama, Smite kuma ya sauko da kyamarar bayan gwarzo, kowa yana fuskantar gabansa.

A tsofaffin wasannin kwamfuta kuwa juyawar ba ƙaramin aiki ba ne. An zana filin ne don a kalle shi ta fuska ɗaya, miliyoyin mutane sun horar da hannunsu a kansa shekara da shekaru, kuma masu kallon gasa da masu sharhi suna buƙatar hoto ɗaya da kowa zai gane. Ina ganin waɗannan dalilai ne na gaskiya, amma dalilai ne na tsada da sabo. Babu ɗaya a cikinsu da ke cewa ɓangarorin biyu suna gani daidai.

Leƙen bayan bango

Ƙorafin masu PUBG wani iri ne dabam. A kallon bayan kafaɗa, kyamara tana nesa da jikin soja, don haka tana iya leƙa inda kansa bai kai ba. Mutum ya kwanta bayan dutse ko ya tsuguna ƙarƙashin taga a bene, jikinsa a ɓoye gaba ɗaya, amma allonsa yana nuna masa dukan filin da ke gaba. Na sha zama kusa da wani ƙanena da yamma yana buga wannan wasa, sai in ga ya manne da bangon wani ɗaki bai motsa ba, babban yatsansa kawai ke jan allo a hankali, yana bin wani da ke tsallako gona a guje. Yana ganin irin hular da ke kansa da bindigar da ke bayansa, yana jira ya juya masa baya. Wancan bawan Allah kuwa duk inda ya duba bango kawai yake gani. Da ya juya, cikin daƙiƙa 2 aka gama.

Shin wannan fifita wata ƙungiya ne? A ma'aunin da muka kafa a sama, a'a, domin kowa yana da kyamara iri ɗaya, kuma wanda aka yi wa yau shi zai yi wa wani gobe. Abin da take fifitawa shi ne mai zaune a kan mai tafiya. Amma a PUBG akwai da'irar da ke tsukewa tana tilasta wa mutane motsi, kuma sa'a ce ke yanke inda za ta faɗa. Ƙungiyar da da'ira ta faɗo wa a kan gidan da take ciki tana samun kallo kyauta ba tare da ta fito da kai ba, wadda aka tilasta wa ratso fili kuwa tana tafiya a makance. A kallon ido, duk mai son ya gani dole ya fito da kansa, kuma duk wanda ya fito da kai ana iya ganinsa. Wannan ne ya sa aka ƙara salon FPP a PUBG na kwamfuta a 2017, shekarar da wasan ya fito, kuma manyan gasanninsa suka zauna a kansa, yayin da gasannin PUBG Mobile suka ci gaba da TPP. Akwai kuma ƙaramar karkata a wasanni irin su Fortnite, inda kyamara ke zaune a kafaɗar dama: mai leƙowa ta daman bango yana gani yana harbi da ɗan jiki kaɗan a waje, mai leƙowa ta hagu kuwa sai ya fito da kusan dukan jikinsa.

Inda kuɗi ke sayen gani

Wannan ne ɓangaren da ya fi damuna, domin shi ne ba ya juyawa. Gefen fili yana zagayowa, da'ira tana faɗo wa kowa wata rana, amma na'urar da ke hannun mutum ita ce a hannunsa kullum. Lokacin da Call of Duty: Warzone ya fito a watan Maris na 2020, masu wasa a PlayStation da Xbox an kulle musu faɗin gani a digiri 80, masu kwamfuta kuwa suna iya buɗe nasu har 120, kuma ana haɗa su a fili ɗaya. Mutumin da ke gefen mai kwamfuta yana cikin allonsa, amma da a ce mai PlayStation ne ke tsaye a wurin, ba zai san da shi ba. An shafe fiye da shekara 2 a haka, sai da sabon Warzone ya fito a watan Nuwamba na 2022 aka ba kowa damar saitawa. Wasu kamfanonin sun ɗauki hanyar kullewa ga kowa: Valorant ya tsayar da faɗin gani a digiri 103, Overwatch ma da ya fito a 2016 bai bari a wuce 103 ba, kuma bai bar masu allo mai tsananin faɗi su ga fiye da sauran mutane ba.

Faɗin gani ba alheri ne zalla ba, domin duk yadda aka buɗe shi, haka abokin gaba ke ƙanƙancewa a allo. Ƙwararrun Counter-Strike da yawa da gangan suke wasa da tsohon fasalin allo na 4:3, suna sadaukar da gefe don abin da ke gabansu ya yi girma. Bambancin shi ne su zaɓa suka yi, mai PlayStation na wancan lokaci kuwa ba a ba shi zaɓi ba.

A waya, wannan ita ce maganar iPad. Allonsa ya fi na waya girma da tsawo, yana nuna ƙarin fili sama da ƙasa, abokin gaba na nesa kuma yana fitowa sarai, ga wurin ajiye yatsu 4 ko fiye ba tare da sun rufe komai ba. Saboda haka gasannin PUBG Mobile na hukuma suka haramta manyan allunan hannu, kuma idan aka taru a zaure ɗaya akan raba wa kowa waya iri ɗaya. Daga baya an ƙara saitin da ke ba mai waya damar janye kyamara baya kaɗan. Matasa da yawa, don neman cike wannan giɓi, suna sauke wasu manhajoji da fayiloli daga waje da ke sauya kallon wasan, kuma ya kamata su sani cewa kamfanin yana ɗaukar taɓa fayilolin wasa a matsayin maguɗi, hukuncinsa kuma rufe asusu ne, wani lokaci har na shekara 10, tare da duk abin da aka saya a cikinsa.

Abin da ya shafi ɗan wasa da mai shirya gasa

Ga wanda ke buga League ko Dota don hawa matsayi, karkatar gefe ba ta cutar da shi a tsawon lokaci, domin kwamfuta ce ke raba gefe, kuma bayan wasa 200 ko 300 zai samu kusan rabi nan rabi can. Abin da ke hannunsa shi ne ya koyi sakin kyamara, ya rage girman allon bayanai, ya kunna saitin gusarwa idan har zai kulle ta. Waɗannan ba sa cin ko sisi.

A gasa ne lissafin ke sauyawa, domin wasannin kaɗan ne, babu lokacin da sa'a za ta daidaita kanta. Duniyar wasanni ta daɗe da sanin maganin wannan. Duk wanda ya buga ƙwallo a filin unguwa mai gangara ya san dalilin da ya sa ake sauya raga bayan hutun rabin lokaci, don kowa ya ɗanɗani hawa da rana a ido. A wasan ces, mai fararen 'ya'ya shi ke fara motsi kuma yana samun tsakanin kashi 52 da 56 cikin 100 na maki, shi ya sa ake karɓa-karɓar launi. Counter-Strike 2 yana sauya wa ƙungiyoyi gefe bayan zagaye 12. A Dota 2 kuma an daɗe da raba abubuwan biyu: wanda ya ci ƙuri'a yana zaɓar gefe ko kuma damar fara zaɓen gwarzo, abokin karawarsa ya ɗauki wanda ya rage, don kada riba biyu ta taru a hannu ɗaya.

Inda abin ya fi wuya shi ne wasan League ko Dota ba a raba shi rabi biyu, kuma karawar ƙarshe ta wasa 5 ce, adadin da ba ya rabuwa daidai. Idan aka yi 2 da 2, wasa na biyar dole wani ya hau, wani ya gangaro, kuma abin da masu shirya gasa za su iya yi shi ne su bayyana tun kafin a fara wa zai zaɓi gefe a wannan wasa da kuma dalilin ba shi. Haka ya kamata masu haɗa ƙananan gasannin PUBG da Free Fire a unguwanni da zaurukan WhatsApp su yi: kafin a karɓi kuɗin shiga daga hannun kowa, a rubuta ko TPP za a buga ko FPP, a kuma rubuta ko an yarda mai iPad ya shiga ɗaki ɗaya da mai ƙaramar waya.